Daga Diko Zuwa Gidan Kwano: An Gyara Zuciya, Ƙoda Ta Taɓu

Daga Kaduna, hanyar da iyayenmu suka sani zuwa Minna ita ce ta Birnin Gwari: ka ratsa daji ka faɗa Tegina, ka wuce Zungeru, sai ka shigo gari ta Bosso. Tun da 'yan bindiga suka addabi dajin nan direbobi da yawa suka gwammace zagaye, don haka motarmu ta miƙi titin Abuja, muka wuce Kateri da Jere da Tafa, sai a mahaɗar Diko muka karya dama. A nan ne tankar fetur ta yi bindiga a watan Janairun 2025 ta halaka mutane masu yawa. Da muka iso wurin wani dattijo a gidan gaba ya ja salati, muka yi wa mamatan addu'a. Daga Diko zuwa Minna ba wata doguwar tafiya ba ce, sai dai ramuka da tireloli da wuraren da ake aikin titi kan ninka wa matafiyi lokaci.

Dubiya ce ta kai ni. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon ma'aikacin reluwe ne da ya yi ritaya ya zauna a Minna. An buɗe masa ƙirji a wani asibiti mai zaman kansa a Abuja an sauya masa bawul ɗin zuciya. Aiki ya yi kyau, likitoci suka ce zuciya ta karɓa. Muna cikin yi wa juna barka ta waya sai labari ya sauya: fitsari ya ɗauke, ƙafafu sun kumbura, an shiga da shi wankin ƙoda, mutumin da bai taɓa kukan ƙoda ba tsawon rayuwarsa. Cikin ikon Allah ƙodar ta farfaɗo bayan 'yan makonni, aka sallamo shi. Amma tambaya ta tsaya wa dangi a rai, ni ma da ita na shiga mota: me ya haɗa aikin zuciya da ƙoda, kuma babu yadda za a hango abin tun bai auku ba?

Muka haye kogin Gurara, muka sha ruwa a Lambata inda hanyar Lapai da Bida ta rabu da tamu. Daga Paiko kuwa doya ce ke yi wa baƙo maraba, tsibi-tsibi a bakin titi, ga matan Gbagyi da kayansu a kafaɗa yadda al'adarsu take. Da la'asar sakaliya muka shiga Chanchaga. A nan asibitin ƙwararru na IBB yake, ɗaya daga cikin wuraren da masu ciwon ƙoda na jihar Neja ke zuwa wanki. Jihar nan ta fi kowace jiha a Najeriya faɗin ƙasa, saboda haka mutumin ƙauyukan Borgu ko Rijau in wankin ƙoda ya kama shi, tafiyar kaɗai ta ishe shi wahala kafin a zo maganar kuɗi.

Gidan Kawu ba nisa da tashar jirgi. Minna garin reluwe ne tun asali, domin a nan layin Baro, wanda ya isa Kano a 1911, ya haɗu da layin da ya taso daga Legas, kuma zancen Kawu ba ya nisa bai koma kan dogo ba. Na same shi zaune a kan darduma ya jingina da bango, ya rame amma idonsa garau.

"Kawu, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi. Ka sha hanya, ɗan nan. Ya ka baro yayata?"

Na ce tana gaishe shi, Allah ya sa kaffara ne. Inna, matarsa, ta kawo sakwara da miyar agushi. In ɗakin ya yi shiru ana jin bawul ɗin ƙarfen yana ƙas-ƙas a ƙirjinsa, kuma saboda shi zai riƙa shan maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, ita ta yi zaman jinyarsa a Abuja. Bayan isha'i ta ɗauko wani littafin makaranta mai layi-layi. Takardar sallamar da asibitin ya ba su shafi ɗaya ce tak, amma ita a littafin nan ta rubuta komai da hannunta: awon jini, ruwan da aka ƙara masa, abin da ya taru a robar fitsari, da sakamakon kowane gwaji.

"Yaya, dubi nan," ta ce. "Wannan lambar kiriyatinin ce. Ranar da aka fito da shi daga tiyata lafiya lau take. Washegari ta ɗan motsa. Rana ta uku ta ninka. To amma dubi layin fitsari, tun daren farko ya fara ja da baya."

A daren nan na fahimci abin da ya same shi. Ƙodoji biyu ba su kai rabin kilo ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa su ke karɓa. Suna tace ruwan da ya kai lita 180 a yini, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, abin da ke fita fitsari kusan lita ɗaya da rabi ne. Gaɓar da ke rayuwa kan kwararar jini haka ita ce farkon mai jin jiki in aka taɓa zuciya. Don a ɗinke bawul dole a tsayar da zuciya, a karkatar da jinin mutum zuwa injin da ke riƙon aikin zuciya da huhu, irin wanda John Gibbon ya fara cin nasarar amfani da shi a Amurka a 1953. Injin yana ceton rai, amma ba ya bugawa yadda zuciya ke yi. Turo jinin yake yi bai ɗaya, sau da yawa da raunin ƙarfi. Ana sirka jinin da ruwa, ana sanyaya jiki, wasu jajayen ƙwayoyin jini na farfashewa a cikin bututu su zubar da abin da ke cutar da ƙoda, jiki kuma ya ɗauki zafi don jininsa ya gogi roba. Gwargwadon daɗewar mutum a kan injin, gwargwadon haɗarin. Shi ya sa a manyan asibitocin duniya ma, tsakanin mutum biyu zuwa uku cikin goma da aka yi wa irin wannan aiki ƙodarsu na taɓuwa. Mafi yawa abin kan zo da sauƙi ya wuce. 'Yan kaɗan ne cikin ɗari ke kaiwa ga wanki, amma a cikin waɗannan 'yan kaɗan mutuwa tana da yawa ƙwarai.

Matsalar kiriyatinin ita ce makara. Datti ne da tsoka ke fitarwa, ƙoda ta zubar. In ƙoda ta gaza sai ya taru a jini, amma taruwar na ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu, ga kuma ruwan da aka ɗura wa majinyaci ya sirka shi. Ƙa'idar KDIGO ta 2012, wadda likitocin ƙoda ke bi a ko'ina, ta ce ƙoda ta taɓu idan lambar ta ƙaru da 0.3 cikin awa 48, ko ta kai ninki ɗaya da rabi cikin kwana 7, ko fitsari ya gaza rabin mililita a kowane kilo na nauyin mutum a kowace awa har tsawon awa 6. Ga mai nauyin kilo 60 ke nan mililita 30 a awa, cokalin cin abinci biyu. Kawu da muka ɗauka barci ya ɗauke shi sai ya buɗe ido ya ce:

"A reluwe, kafin jirgi ya baro Zungeru sai an bugo mana waya, mu share layi mu gyara sigina. Wannan gwajin naku kuwa sai jirgi ya shigo tasha yake sanar da zuwansa."

Autan gidan ne ya ɗauki maganar daga nan. Yana ajin ƙarshe a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, yana karanta injiniyancin kwamfuta, kuma tun da mahaifinsa ya kwanta ya duƙufa karanta abin da masu ƙirƙirarriyar basira suka yi a kan wannan ciwo. Ya ce in zo in ga makarantarsu. Da hantsi muka hau Keke Napep zuwa shataletalen Kpakungu, muka shiga motar ɗalibai muka miƙi hanyar Bida. An kafa jami'ar a 1983, ta fara a Bosso, daga baya babban mazauninta ya koma Gidan Kwano, fili fetal da gine-gine warwatse, rana kuma na dukan mutum ba sassauci. Muka samu inuwa a barandar wani ɗakin karatu, ya buɗe kwamfutarsa.

Hasashen haɗarin ƙoda ya girmi ƙirƙirarriyar basira. A 2005 likitocin asibitin Cleveland a Amurka suka duba bayanan mutum sama da 33,000 da aka yi wa aikin zuciya, suka fitar da wani lissafi na maki: mai ciwon suga da ke allurar insulin maki kaza, wanda zuciyarsa ta riga ta raunana maki kaza, aikin gaggawa, aikin bawul, wanda aka taɓa buɗe wa ƙirji, da lambar kiriyatinin kafin aiki. A tara makin da biro da takarda a san wa ke kusa da wankin ƙoda. Lissafin na da amfani har gobe, sai dai sau ɗaya ake yin sa, kafin a shiga tiyata. Abin da ya faru a kan tebur da daren farko ba ya ciki.

Sabuwar hanyar ba a rubuta wa kwamfuta maki. Ana ba ta tarihin dubban majinyata, kowanne da awonsa na awa-awa da abin da ya same shi a ƙarshe, ita ke lalubo alamomin da ke gabatar ciwon, har waɗanda ba su bayyana sai an haɗa abubuwa da yawa wuri guda. A 2020 masu bincike a Cibiyar Zuciya ta Jamus da ke Berlin suka horar da irin wannan manhaja da wani ɓangare na bayanan kwanciya asibiti 15,564, tana duba abubuwa 96 da dama can ake aunawa, tana sabunta hasashenta muddin majinyaci na kwance. Suka gwada ta da ƙwararrun likitoci a kan majinyata iri ɗaya. A ma'aunin da 1 ke nufin dacewa ɗari bisa ɗari, 0.5 kuma canki-canka, manhajar ta samu kusan 0.90, likitocin kusan 0.75. Shekara guda kafin nan kamfanin DeepMind ya wallafa nasa aikin a mujallar Nature, da bayanan tsofaffin sojojin Amurka sama da 700,000, ba masu aikin zuciya kaɗai ba. Manhajarsu ta hango kashi 55.8 cikin 100 na taɓuwar ƙoda har awa 48 kafin ta bayyana, da kashi 90 na waɗanda abin ya kai su wanki.

Yaron yana karanto mini lambobin nan fuskarsa na haske, ni ma sun burge ni. Awa 48 a wurin mutumin Minna ba ƙaramin abu ba ne: ita ce ratar da za a tsayar da allurar da ke cutar da ƙoda, a gyara ƙarin ruwa, a nemo jini, a sayar da abin da za a sayar. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga kusan naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, amma wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya sau biyu ko uku yake buƙatar wanki duk mako, kowanne kusan awa huɗu. Gidaje nawa ne za su jure? Inda wanki ya fi tsada da nisa, a nan gargaɗin wuri ya fi daraja, kuma wannan ya sa nake ganin mu muka fi Berlin buƙatar abin.

Amma a cikin takardun nan akwai abubuwan da suka sa na rage murna, kuma shi kansa bai ɓoye su ba. Manhajar DeepMind kan yi kuka sau biyu a banza kafin ta dace sau ɗaya. Kashi 6 cikin 100 kacal na mutanen da ta koya daga gare su mata ne, kuma ta fi yin kuskure a kan mata. Dukkan ayyukan biyu a kan tsofaffin bayanai aka gwada su. Sun nuna manhaja ta iya hange, ba su nuna an ceci rai ba. Akwai kuma gwajin da aka yi a asibitoci shida masu alaƙa da jami'ar Yale a Amurka, aka wallafa a 2021, da majinyata 6,030. Kwamfuta na sanar da likita cewa ƙodar majinyacinsa ta taɓu. Sanarwar ba ta rage wanki ko mutuwa ba, a asibitoci biyu da ba na koyarwa ba ma an fi mutuwa a cikin waɗanda aka yi sanarwa a kansu.

Inda aka ga amfani shi ne inda gargaɗi ya zo tare da aikin yi. A Munster ta Jamus, a 2017, an zaɓo mutum 276 da gwajin fitsari ya nuna ƙodarsu na cikin matsi bayan aikin zuciya. Rabinsu aka bi musu wasu matakai sau da ƙafa: a kauce wa magungunan da ke cutar da ƙoda, a dakatar da wasu magungunan hawan jini na kwana biyu, a hana suga hawa, a guji ruwan allurar ɗaukar hoto in da hali, a riƙa auna ƙarfin jini da fitsari a kai a kai. Taɓuwar ƙoda ta sauko daga kusan kashi 72 zuwa 55. Babu ko ɗaya cikin matakan nan da ya fi ƙarfin asibitin da ke da wuta, da ɗakin gwaji mai aiki dare da rana, da isassun ma'aikatan jinya. A nan ne zancen ke dawowa gida.

Tun 1974 aka fara aikin buɗe zuciya a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa tare da Magdi Yacoub ɗan Masar. Shekara hamsin bayan nan, abin da ake yi a ƙasar baki ɗaya a shekara ɗaruruwa ne, bai kai dubbai ba, kuma mai buƙatarsa a Minna akasari hanyar Abuja yake kamawa, ko Legas, ko Indiya da Masar. Babu asibiti guda da ke da tarin bayanan da Berlin ta tara. Sai cibiyoyin sun haɗa nasu wuri ɗaya bisa tsari guda. Majinyatanmu ma daban suke. A Turai yawanci tsoho ne da jijiyoyin zuciya suka toshe. A nan sau da yawa matashi ne ko matar aure da ciwon maƙogwaro na yarinta, wanda ba a yi wa magani ba, ya cinye wa bawul, ya zo a makare, jini ya yi ƙaranci, ya sha jiƙe-jiƙe da haɗin kemis mai ɗauke da diclofenac tsawon shekaru. Manhajar da ta yi karatu a kan tsohon sojan Amurka ba ta taɓa ganin wannan mutum ba, kuma bai kamata a ɗora ta a kansa ba sai an gwada ta a nan.

Abin da ya fi tsaya mini, na kuma faɗa wa yaron, shi ne ƙodar da ke taɓuwa a jihar Neja galibi ba ta san ɗakin tiyatar zuciya ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ne, da amai da gudawa, da ƙwayar cuta in ta shiga jini, da zubar jini wajen haihuwa, da jijjigar masu ciki, da saran maciji a gona. Waɗannan ke cika gadajen Babban Asibitin Minna da asibitin mata da jarirai na Jummai Babangida Aliyu da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. In ɗalibin Gidan Kwano zai gina abin da zai amfani garin, ya fara da su, da ɗan abin da ake iya aunawa a ko'ina: ƙarfin jini, zafin jiki, fitsari, da kiriyatinin na ranar shigowa. Abin da aka koya daga aikin zuciya zai haska masa hanya, domin a can ne aka san daidai lokacin da ƙoda ta shiga matsi, amma masu jiran amfanin suna ɗakin haihuwa da ɗakin yara.

Muka koma gida da yamma ta Tunga. Auta ya zaunar da yayarsa ya nuna mata jadawalin da ya tsara a kwamfuta don tattara bayanai. Ta karanta shi tsaf, sannan ta fara gyara.

"Ka sa awon fitsari kowace awa. Da dare ni kaɗai ce a ɗaki mai gadaje da yawa, kuma ba kowa ke da roba ba. Sa duk awa shida, ka bar wurin rubuta cewa mai jinya ne ya auna da gwangwani."

"To, Anti."

"Ina wurin maganin gargajiya? Ina na kemis? In ba ka tambaya ba, ba za su faɗa ba. Kuma katin mutane ba a ɗaukarsa haka nan, sai kwamitin ɗa'a na asibiti ya yarda, a cire sunaye."

Ya ce ya san da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, malaminsa ma ya ja masa kunne. Kawu na jin su, ya tuna mata gwajinsa na wata uku ya kusa. Ƙa'ida ce duk wanda ƙodarsa ta taɓu a sake duba shi bayan wata uku, domin wasu ciwon kan koma musu na dindindin ba su sani ba. Ta ce ta rubuta ranar, kuma ta riga ta raba shi da duk wani maganin ciwon jiki in ba farasitamol ba.

Sai ta nuna wani gurbi a jadawalin inda Auta ya rubuta cewa in ba a sake gwajin jini ba, a ɗauka majinyaci ya samu sauƙi.

"Wa ya gaya maka? A can ƙila haka ne, likita ya ga babu buƙata. A nan in ka ga gwaji na biyu babu, yawanci kuɗin ne babu, ko dangi sun ɗauke shi sun tafi gida. Su ne ma suka fi shiga haɗari. In ka koya wa injinka cewa sun warke, to talaka zai riƙa cewa lafiyarsa ƙalau."

Ya goge layin, ya buɗe sabon gurbi mai zaɓi huɗu: likita bai nema ba, babu kuɗi, injin gwaji ba ya aiki, an tafi da majinyaci. Ta ce ya ƙara nisan garin mutum daga asibiti, ita kuma ranar Litinin za ta kai wa shugabar ɗakinsu takardar ta gani.